Baƙon Zariya Da Ya Buga Tatsuniyoyin Garinsu: Ina Na 'Yan Arewa Mazauna Kurmi?

Duk ɗan Arewan da ya zauna Ikko ya san Idi-Araba, ya kuma san Mushin, domin unguwannin nan kafaɗa da kafaɗa suke. Amma da za a tsaya a ƙofar masallacin Idi-Araba bayan an sauko Juma'a, a tambayi jama'a ko wa ya taɓa jin sunan Mista Bruce Onobrakpeya, da wuya a sami mai amsawa. Alhali kuwa a Papa Ajao, cikin Mushin ɗin nan, tafiyar 'yan mintoci kaɗan, mutumin ya kafa ɗakin aikinsa, ya yi shekara da shekaru yana buga zane-zanen da suka kai har manyan gidajen ajiye kayan tarihi na Amurka da na fadar Paparoma a Rum. Tun kafin sunansa ya yi nisa haka, ya yi shekara 17, daga 1963 zuwa 1980, yana koyar da zane a kwalejin St. Gregory da ke Obalende, inda hayaƙin masu tsire ke tashi kowace yamma. Watau dai maƙwabci ne na kusa wanda ba a taɓa gaisawa da shi ba.

Rashin gaisawar nan hasara ce, kuma 'yan Arewa mazauna Kurmi ne suka yi ta. Dalili kuwa shi ne, mutumin nan ya sami mafita daga wata matsala da ke damun kowane magidanci mai renon 'ya'ya nesa da gida, watau yadda za a yi yaron da aka haifa a baƙon wuri ya san ƙasar iyayensa da labaranta. Bugu da ƙari, a ƙasar Hausa ya fara gano mafitar.

An haife shi ran 30 ga Agusta, 1932, a Agbarha-Otor, wani gari na ƙabilar Urhobo kusa da Ughelli, cikin Jihar Delta ta yanzu. Mahaifinsa masassaƙi ne. Ya yi karatun sakandare a birnin Benin, ya ɗan taɓa koyarwa a can da kuma Ondo, sa'an nan cikin 1957 ya sami shiga Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya da ke Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962. Ga saurayin da ya tashi cikin kurmi da fadamu, inda ruwa ya kusa fin tudu yawa, an kawo shi Samaru, ƙasar dawa da gero da kuka da rimi, inda hunturu ke fasa leɓe. Duk wanda ya taɓa sauka daga jirgin ƙasa a tashar Iddo da ƙullin kayansa a ka, ba ya jin harshen gari, bai san kowa ba, ya san abin da saurayin nan ya ji. Bambancin kawai shi ne, shi tasa tafiyar daga Kudu ta nufi Arewa.

A lokacin, malaman sashen zane na kwalejin galibinsu Turawan Ingila ne, kuma yadda aka koya musu a ƙasarsu haka suke koyarwa. Cikin 1958 sai waɗansu ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya, wadda daga baya aka yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. A cikinsu akwai Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, da Demas Nwoko, da Yusuf Grillo, da shi Bruce. Tawayen nasu ba na jifa da ƙone-ƙone ba ne, ba su ma ƙaurace wa aji ba. Abin da suka ce shi ne, kayan aiki da dabarun Bature abin karɓa ne da hannu biyu, amma abin da za a zana da su tilas ya fito daga gida. Saboda haka kowannensu ya koma ya tono abin da ya baro. Uche Okeke ya ɗauki irin zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki. Bruce kuwa ya koma ga tatsuniyoyin da ya ji yana yaro. Masu nazarin aikinsa sun nuna cewa abu biyu ne suka cika zanensa na shekarun Zariya, daga 1957 zuwa 1962: tatsuniyoyin Urhobo, da shimfiɗar ƙasar Arewa. Wannan yana zuciyarsa, wancan kuwa yana gaban idonsa, bai ga dalilin zaɓen ɗaya ya yar da ɗaya ba.

Wajibi ne a ɗan bayyana irin sana'ar tasa, domin mutane da yawa in an ce mai zane sai su ɗauka mai buroshi da fenti ne. Ya yi wannan ma, amma abin da ya yi suna a kai shi ne zanen ɗab'i. Misalinsa mafi kusa shi ne hatimin ofis ko na alƙali. Mai aikin zai sami katako mai laushi, ko leda mai kauri irin ta shimfiɗar ɗaki, ya zana abin da yake so a kai, sa'an nan ya sa 'yar wuƙa mai kaifi ya ƙwaƙule duk inda ba ya son tawada ta taɓa. Abin da ya rage a tsaye shi ake shafa wa tawada, a ɗora takarda, a danne da injin matsi ko ma da bayan cokali, kana a ɗaga. Kome yakan fito a juye, dama ta koma hagu, don haka tilas mai aikin ya yi lissafinsa a juye tun daga farko, kuma abin da wuƙa ta cire ba ya komowa. Akwai kuma wata hanyar ta farantin ƙarfe, inda ake rufe shi da kaki, a karce zanen da allura, a tsoma cikin ruwan asid ya ci wuraren da aka karce, domin tawada ta sami ramukan kwanciya. Ita wannan hanya ya ƙara ƙwarewa a kanta wajen wani gwani ɗan ƙasar Holan, Ru van Rossem, a tarurrukan koyon sana'a da aka yi a Badun da Oshogbo cikin 1963 da 1964.

Falalar wannan sana'a a kan zanen buroshi a fili take. Mai buroshi in ya gama hoto, guda ɗaya ke nan, wanda ya saya ya kulle a ɗakinsa shi ke nan. Mai ɗab'i kuwa allonsa ɗaya na iya haifar da hoto talatin ko hamsin, kowanne na ainihi ne. Ta wannan fuska ɗab'i ɗan'uwan tatsuniya ne, domin ita ma sau ɗari ake faɗinta, ba ta ƙarewa.

Wani abin da ya faru da shi cikin 1967 ya isa a faɗa. Yana aiki da farantin ƙarfe sai ya yi amfani da irin asid ɗin da bai dace ba, farantin ya ciwu fiye da kima. Maimakon ya jefar, sai ya cike ramukan da gam ɗin Araldite, ya gwada bugawa haka nan. Abin da ya fito a takardar sai ga shi da tudu da kwari, ana iya shafawa da yatsa a ji shi. Daga wannan ɓarna ya ƙago hanyar aiki tasa ta kansa wadda ta fitar da sunansa a duniya. Ledar da ya gama bugawa da ita ma bai saba yarwa ba, yakan shafa mata launin tagulla ta zama abin ratayewa. Bahaushen da ya ga yadda maƙeran Kano ke mai da gwangwani fitila ba zai yi mamakin irin wannan hali ba.

To, me ya buga? Abin da Gizo yake ga Bahaushe, shi kunkuru yake ga mutanen Kudu, watau ƙaramin mai wayo da haɗama wanda ke cutar manya, wani lokaci kuma wayon ya ci shi. Bruce ya zana kunkuru da abokan rigimarsa, da maharba, da aljanun daji, da dodannin bukukuwa. Cikin fitattun ayyukansa na shekarun 1960 akwai wanda ya kira Leopard in a Cornfield, watau damisa a gonar masara. Cikin 1968 shi ya yi hotunan littafin D. O. Fagunwa na maharbin nan da ya shiga dajin aljanu, wanda Wole Soyinka ya fassara daga Yarbanci zuwa Turanci. Har a aikin addininsa bai sake hali ba: sa'ad da aka ba shi aikin zane a cocin St. Paul na Ebute Metta cikin 1967, mutanen da ya zana da suturar ƙasar nan ya zana su.

Amma abin da ya fi shafar ɗan Arewa shi ne wani ɗan littafi na 1962. A shekarar ne Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, ya fitar da An African Night's Entertainment, labarin wani attajiri Malam Shehu da ya ƙwace wa saurayi budurwarsa, da ramuwar gayyar da ta biyo baya. Duk wanda ya yi firamare a Arewa zai ce ai wannan Jiki Magayi ne, na John Tafida da Rupert East, wanda aka buga a Zariya cikin shekarun 1930, kuma masana adabi sun daɗe da nuna kamannin littattafan nan biyu. Wanda ya yi hotunan littafin Ekwensi kuwa Bruce ne. Ashe ke nan 'yan makaranta masu ɗimbin yawa a Kudu, da ma waɗansu ƙasashen Afirka, sun fara ganin rawani da babbar riga da zauren Bahaushe ta hannun Ba'urhobo, cikin labarin da Ba'ibo ya rubuta da Turanci. Ba laifinsu ba ne. Kaya ne aka bari a bakin hanya, masu ido suka gani suka ɗauka.

Bayan shekara 20 da 'yan kai ya sake waiwayar Arewa, wannan karo cikin baƙin ciki. Dattawa ba su manta da farin 1972 zuwa 1974 ba, balle na 1983 zuwa 1985, wanda ya haɗu da annobar bushiya ta karkashe shanun Fulani. Tafkin Chadi, wanda a farkon shekarun 1960 ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, cikin shekarun 1980 ya janye har bai kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka cika zangunan Ikko da Badun da Shagamu a waɗannan shekaru, wannan masifa ce ta koro su ko ta koro iyayensu. Daga tsakiyar shekarun 1980 Bruce ya shiga wani jerin ayyuka da ya kira Sahelian Masquerades, ya kuma tattara su cikin littafi a 1988. Abin da ya dame shi a ciki shi ne fari da gurgusowar hamada, da halin da mutanen yankin suka shiga, ya kuwa ɗebo siffofi da ado daga al'adun Arewa ya gina aikin da su. Mutumin da ruwa ya kewaye garinsu shi ya zauna ya yi wa ƙasar da ta bushe ta'aziyya. Waɗanda abin ya faɗa wa kuwa, ban da 'yan waƙoƙi da hirar zaure, me suka ajiye wa jikokinsu?

A nan ne maganar ta iso gida. Mai karatu ya dubi gidan haya a Agege ko Alaba Rago ko Sabon Badun, ko Ama Hausa ta Owerri, bayan sallar lisha. Ɗaki ɗaya ne ko ciki da falo, babu tsakar gida, babu dandali, wutar maƙwabta da ƙarar janareta sun kashe farin wata. Maigida bai dawo daga kasuwa ba, uwargida ta gaji, kaka kuwa tana can ƙauye. Yara suna jin Yarbanci ko Ibo da Turancin titi kamar 'yan gari, wannan kuwa alheri ne, zai yi musu rana. Amma a tambaye su wace ce Ƙoƙi, ko me ya sami Ta-kitse, ko yaya aka yi da Daskin-da-riɗi, sai su tsaya kallon mai tambaya. Tatsuniya tana bukatar dare da tsohuwa da tsakar gida, ga shi kuwa zaman Kurmi ya raba yaro da duka ukun.

A da akan ce ba kome, in an yi hutu ko Babbar Salla za a kai su gida su ga dangi. Yanzu wannan ma ta yi wuya ga mutane da yawa. Tun daga 2009 rikicin Boko Haram ya tashi garuruwa a Borno da Yobe da Adamawa, daga baya kuma 'yan bindiga suka watsa ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja. Akwai magidanta a Mile 12 da Lokpanta waɗanda ƙauyen da aka haife su ya zama kufai, tsofaffin da ke riƙe da labaran kuwa suna sansanin gudun hijira ko sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ake ɗauka yana nan ajiye a gida, mai yiwuwa ba ya nan.

Wani zai ce ai tuni an rubuta tatsuniyoyin. Gaskiya ne. Frank Edgar ya tara su cikin manyan littattafai uku tsakanin 1911 da 1913. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni cikin littattafai shida a farkon shekarun 1970, kuma a Badun aka buga su. Amma rubutu kaɗai bai isa ga yaron Ikko ba, kuma a nan ne basirar Bruce ta haɗa tatsuniya da shimfiɗar ƙasa take da amfani. Tatsuniya ba a sama take tafiya ba, a ƙasa take. In aka ce Gizo ya ɓuya a kogon kuka, ko ya haura rumbu, ko kura ta laɓe cikin gamba, ko yarinya ta bi ƙwaryarta da ruwa ya tafi da ita, yaron ƙauye yana gani da idon zuci, domin da safe ya wuce su. Yaron da aka haifa a Ajegunle bai taɓa ganin kuka ba sai a miya, rumbu kuwa ko a mafarki. Kalmomin sun zama masa fanko. Sai an nuna masa ƙasar kafin labarin ya zauna. Finafinan Hausa da ke cikin kowace waya ba su toshe wannan kafa ba, domin galibinsu a falon birni ake yin su, a kan soyayya da kishiya.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma ba a raina hujjarsu. Ta farko ita ce ta addini. Musulmi yana da dalilin yin taka-tsantsan da sura, balle ga shi yawancin aikin Bruce ya jiɓanci wuraren tsafin kakanninsa da dodanninsu. To, babu mai cewa a kwaikwayi wannan. Abin koyo wurinsa hanya ce, watau a ɗauki kayan aikin zamani a zuba na gida a ciki, shi ya zuba nasa, kowa ya zuba nasa. Game da hukuncin sura kuwa, malamai ne masu magana, amma sanannen abu ne cewa a mazhabar Malikiyya an bambanta tsakanin gunki mai inuwa da zanen da ke shafe a kan takarda, kuma babu saɓani a kan halaccin zanen itatuwa da gonaki da gidaje da duwatsu. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da zana Gizo ba, ga kuka nan, ga ganuwa, ga rijiya, ga jerin rumbuna bayan kaka. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam da hotunanta aka karanta ta a makarantun Arewa tun daga ƙarshen shekarun 1930, 'ya'yan malamai da na sarakuna duk sun karanta.

Har ila yau, masu cewa zane ba gadon Bahaushe ba ne sun manta da abin da ke gabansu. Wa ya yi adon bangon gidajen Zariya da Kano, da dagi da sauran ƙulle-ƙullen da magina ke fitarwa da laka? Wa ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu in ba Babban Gwani ba, ginin da masana daga ƙasashen waje ke zuwa aunawa? Wa ke zana aska takwas a wuyan riga kafin maɗinki ya sa allura, wa ke zanen hula, da na ƙwarya, da adon dukawa a jikin fata, da lallen amare? Allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani fa? Duk waɗannan aikin layi ne da tsari, irin wanda ɗab'i ya fi so. Hannun da ya iya ƙona zane a bayan ƙwarya, in aka ba shi leda da wuƙa, ba zai daɗe bai gane kanta ba. Mutanen Arewa sun kuma ga yadda Ladi Kwali ta shiga makarantar tukwane ta Abuja, Suleja ta yanzu, cikin 1954 da irin zanen da ta gada wurin danginta, har hotonta ya hau takardar Naira 20.

Hujja ta biyu ita ce ta kuɗi, ita kuwa tana da ƙarfi, har ta taɓa shi Bruce ɗin kansa. An ce falalar ɗab'i ita ce yawa da araha, amma a zahiri ayyukansa sun ƙare a hannun attajirai da bankuna da gidajen tarihi na ƙetare. Akan buga adadi kaɗan, a sa wa kowanne lamba da hannu, a yi gwanjonsu a manyan otal na Ikko. An nuna aikinsa a babban bikin zane na Venice cikin 1990, an nuna a Washington cikin 2024, Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta masana cikin 2017, amma talakan Ughelli wanda kakarsa ce mai tatsuniyar ba shi da halin rataye ɗaya a ɗakinsa. Wannan aibi ne, kuma bai kamata a ɓoye shi don girman mutumin ba. Sai dai aibin na kasuwar ne, ba na sana'ar ba. Hotunan da ya yi wa littattafan makaranta sun shiga hannun yara fiye da duk abin da aka yi gwanjonsa, kuma wannan ɓangaren ne ya dace da bukatar 'yan Arewa. Ba a neman hoton da za a sayar da miliyoyi. Ɗan littafi ake nema mai shafi 20, da tatsuniya ɗaya da hoto goma, da boko da ajami, wanda mai shayi zai iya saya wa 'yarsa.

Akwai kuma abin da ba hujja ba ne, ƙorafi ne, amma yana da gaskiyarsa. Idon baƙo, kome kyawun nufinsa, abin da ya ba shi mamaki yake gani: doki, da rawani, da raƙumi, da rairayi. Ko sunan da Bruce ya ba ayyukansa na Sahel, na dodanni ne, abin da ya fito daga al'adar garinsu. Bai zana sanyin asubar ranar da aka yi shuka ba, ko yadda tsakar gida take ran da aka kawo amarya, domin ba a cikinsu ya tashi ba. Wannan sai ɗan gida. In kuwa ɗan gida ya ƙi yi, ba shi da bakin cewa baƙo bai yi daidai ba.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin jama'ar zango ba. Ƙungiyoyin 'yan goro da na 'yan shanu da na masu albasa da tumatir da na 'yan canji suna tara kuɗi don gina masallatai da makarantun Islamiyya, da kai gawa gida, da fitar da ɗan'uwa daga hannun hukuma, Allah ya saka musu. Sarakunan Hausawa na Agege da Sabo da Shagamu da sauran garuruwa suna da bakin da in sun yi kira za a amsa. A kowane zango akwai tsofaffin mata da suka zo jinya ko renon jikoki, waɗanda cikinsu cike yake da tatsuniyoyi, kuma kowace waya tana iya ɗaukar murya. Akwai samari masu sassaƙa hatimin roba a bakin titi, da masu rubuta allunan shaguna, da masu yi wa manyan motoci ado, waɗanda rabin sana'ar tana hannunsu, ba su dai san tana da wata daraja ba. Maɗaba'u kuwa, Mushin da Shomolu cike suke da su. Abin da ya rage shi ne wani mai faɗa a ji ya yarda cewa wannan aiki ne, ba wasan yara ba, ya ɗauki nauyin saurayi ɗaya ko budurwa ɗaya su je su koyo.

Wurin koyon ma akwai shi. Cikin 1998 Bruce ya buɗe wani taron koyar da sana'ar zane na shekara-shekara a garinsu Agbarha-Otor, a cikin wani gini da abokinsa na Zariya, Demas Nwoko, ya tsara. An kafa shi bisa tsarin tarurrukan Badun da Oshogbo da shi kansa ya amfana da su, watau ana karɓar mai digiri da wanda bai taɓa shiga aji ba, a zauna tare a yi aiki, ana koyar da ɗab'i da sassaƙa da rini da saƙa da sauransu. Sunan da ya sa wa taron shi ne Harmattan, watau hunturu, iskar nan da ta fasa masa leɓe a Samaru, domin a lokacinta ake yin sa. Sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, inda abin ya samo asali, shi ma yana nan yana ɗaukar ɗalibai, ga kuma Kwalejin Fasaha ta Yaba a tsakiyar Ikko ga wanda ba ya son yin nisa da iyayensa. Daga unguwar Hausawa ta Warri zuwa Ughelli kuwa ba ta kai tafiyar awa guda a mota ba.